Shekara Tara Kafin Terraform Ta Koyi Karɓar Gado

A watan Agusta na 2016, kamfanin HashiCorp da ke San Francisco ya fitar da sabon zubi na manhajarsa mai suna Terraform, zubi na 0.7. Cikin abubuwan da ya zo da su akwai wani ɗan umarni mai kalma biyu, `terraform import`, wanda injiniyoyi suka shafe shekara biyu suna nema. Aikinsa shi ne a ɗauki kadarar da wani ya riga ya kafa da hannunsa, kwamfuta ce ko rumbun bayanai, a shigar da ita ƙarƙashin kulawar manhajar ba tare da an rushe ta an sake ginawa ba. Sai dai rabin aikin kawai umarnin ya zo da shi. Littafin jagorar manhajar ya faɗi haka ƙarara, ya kuma yi alkawarin cewa wani zubi na gaba zai cika sauran rabin. Alkawarin ya zauna a wannan shafi, ana ta sabunta duk abin da ke kewaye da shi, har zuwa watan Yuni na 2023.

Ba ƙarancin kuɗi ko na ma'aikata ya jawo jinkirin ba, domin a tsakanin waɗannan shekaru kamfanin ya bunƙasa har ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Disamba 2021. Matsalar tana cikin yadda aka ƙera manhajar tun ran gini. An gina ta ne a kan zaton cewa mai amfani da ita zai fara a fili fetal, alhali kusan duk ma'aikatar da ke da kuɗin ɗaukar injiniya ta riga ta tara kaya. Duk wanda ya taɓa gadar ofis daga wanda ya tafi bai bar takardar miƙa aiki ba ya san irin wannan hali. Komai yana tafiya, amma babu mai iya faɗin dalilin da ya sa aka ajiye wannan a nan, kuma kowa yana tsoron taɓawa.

Zamanin hannu

Manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet da asusun bankuna, waɗanda ake kira saba, sun daɗe ana renonsu da hannu. Ma'aikaci zai shiga cikin kowace ɗaya, ya zuba manhaja, ya gyara wani fayil, ya buɗe wata ƙofar sadarwa, ya fita abinsa. Bayan shekara uku, sabobi goma da aka saya rana ɗaya sun zama iri goma, kuma tarihin bambancinsu yana cikin kan mutum ɗaya ko biyu.

Abin da hakan ke iya jawowa ya bayyana a fili ranar 1 ga Agusta, 2012, a kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital da ke jihar New Jersey ta Amurka. Kamfanin yana sanya sabuwar manhaja a sabobinsa takwas, sai ma'aikacin da ke aikin ya tsallake ɗaya, kuma babu wani na biyu da aka ɗora wa alhakin duba aikinsa. Da aka buɗe kasuwa da safe, wani tsohon umarni da aka daina amfani da shi shekaru da dama ya farka a wannan saba ta takwas, ya shiga aika odar ciniki ba ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar fiye da dala miliyan 440, kuma bai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba, sai da aka haɗe shi da wani kamfani mai suna Getco.

Maganin wannan ciwo ya girmi hatsarin Knight da kusan shekara ashirin. A 1993, Mark Burgess, masanin kimiyyar lissafin halitta ɗan Birtaniya da ke aiki a Jami'ar Oslo, ya gaji da gyaran kwamfutocin sashensu ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta CFEngine. Dabararsa ita ce, maimakon ka jera wa kwamfuta matakan da za ta bi, ka rubuta mata halin da kake so ta kasance a ciki, manhajar kuma ta riƙa dubawa tana mayar da ita kan wannan hali duk lokacin da ta kauce. A kan wannan tunani Luke Kanies ya gina Puppet a 2005, Chef ta biyo baya a 2009, Ansible a 2012.

Akwai abin lura a nan da zai yi mana amfani a gaba. Waɗannan manhajoji ba su sha wahalar karɓar gado ba. Idan ka ce wa Puppet kana so fayil kaza ya kasance a wuri kaza, za ta je wurin ta duba, ko ita ta ajiye shi ko wani ne shekara biyar da suka wuce. Sunan abin da wurinsa su ne shaidarsa. Kwamfutar ma dai tana nan tun kafin Puppet ta zo, an sayo ta da kuɗi an ɗaure ta a kanta.

Abin da ya sauya lissafi shi ne hayar kwamfuta ta intanet, wadda ake wa laƙabi da girgije. A 2006 Amazon ya buɗe S3 don ajiyar fayiloli, sannan EC2 don hayar sabobi a kan awa. Daga nan ita kanta sabar ta zama abin da ake samarwa da saƙo guda, haka hanyar sadarwarta da katangar tsaronta da rumbun bayananta. Mafi yawan mutane kuwa ta shafin sarrafawa na Amazon suka riƙa samar da su, suna latse-latse da linzami. Tsohuwar cutar ta dawo da sabon kaya, har ta fi da muni, tunda a da sai an sa hannu a takardar sayayya kafin saba ta shigo ma'aikata, yanzu kuwa duk mai kalmar sirri yana iya ƙirƙirar ashirin kafin azahar ya manta da biyar daga ciki, kuɗin haya na ta hauhawa.

Amazon ya kawo nasa maganin a Fabrairu 2011, wato CloudFormation, inda za ka rubuta duk kadarorin da kake so a fayil guda, a samar maka da su. Wani matashi mai suna Mitchell Hashimoto, wanda ya riga ya yi suna da manhajarsa ta Vagrant, ya yaba da dabarar, amma ya rubuta cewa ana buƙatar irinta mai buɗaɗɗen tushe wadda ba ta ɗaure da kamfani ɗaya ba. Ya jira wani ya yi, ba wanda ya yi. A 2012 shi da abokinsa Armon Dadgar, wanda suka haɗu da shi a Jami'ar Washington da ke Seattle, suka kafa HashiCorp, kuma a Yuli 2014 suka saki Terraform.

Sunan da kansa ya tona zaton da ke ƙarƙashinta. An samo shi ne daga wata kalma ta marubutan ƙagaggun labaran kimiyya, wadda ake danganta ƙirƙirarta ga Jack Williamson a 1942, mai nufin gyara wata duniya ta sararin sama har ta dace da rayuwar ɗan Adam. Duniyar da ake yi wa haka babu kowa a cikinta.

Kundi na uku

Terraform tana aiki da abubuwa uku. Na farko shi ne tsari, wato fayilolin da injiniya ya rubuta yana cewa ina son saba mai girma kaza, a cikin hanyar sadarwa kaza. Na biyu shi ne zahiri, abin da ke can a wurin Amazon ko Google ko Microsoft. Na uku, wanda shi ne zuciyar wannan labari, wani fayil ne mai suna `terraform.tfstate`. Mu kira shi kundin hali.

Me ya sa ake buƙatarsa? A cikin tsarinka kana iya kiran sabarka da sunan da ka ga dama, a ce «shafi». Amazon bai san wannan suna ba. Shi da kansa yake ba kowace saba lambar shaida a lokacin da aka ƙirƙire ta, wata doguwar lamba mai farawa da harafin i, kuma ba ka da ta cewa a kanta. Dole wani ya rubuta a wani wuri cewa abin da tsari ke kira «shafi» shi ne mai lamba kaza. Kundin hali ke riƙe da wannan haɗi. Duk lokacin da ka buga `terraform plan`, manhajar za ta buɗe kundin, ta tambayi Amazon halin da kadarorin da ke ciki suke, ta gwada da tsarinka, sannan ta nuna maka abin da za ta ƙara, abin da za ta gyara da abin da za ta rushe. In ka yarda, ka buga `terraform apply`, ta zartar.

Sakamakon wannan ƙira shi ne, duk abin da ba ya cikin kundin, a wurin Terraform babu shi. A ce ma'aikatarka tana da saba da ke aiki shekara huɗu. Ka zauna ka kwatanta ta daidai-wa-daida a cikin tsari, ka buga `plan`. Manhajar za ta ce za ta ƙirƙiri sabuwa. In ka yarda, ka samu biyu, kana biyan haya biyu. In kuma kadarar irin wadda sunanta ba ya maimaituwa ce, kamar ma'ajiyar S3, sai Amazon ya ƙi, ya ce sunan yana da mai shi, aikin ya tsaya a tsakiya.

Amsar da masu ra'ayin riƙau na wancan lokaci suke bayarwa ita ce a rushe tsohon a gina sabo da Terraform. Suna da wani misali da suke ji da shi, wanda ake danganta asalinsa ga Bill Baker na Microsoft, Randy Bias kuma ya yaɗa shi wajen 2012: kada a riƙi saba kamar kyanwar gida mai suna da ake kai wa likita, a riƙe ta kamar saniya a garke, lamba kawai gare ta, in ta yi ciwo a yanka a kawo wata. Bafulatanin da ya san kowace saniyarsa da sunanta da uwarta da kakarta zai yi mamakin wannan misali, amma garken kamfanonin nama na Amurka suke nufi. Ko a can ma misalin yana da iyaka. Sabar da ke nuna shafi kawai ana iya yanka ta. Rumbun da ke ɗauke da bayanan abokan ciniki na shekara goma fa? Adireshin intanet ɗin da bankuna abokan hulɗa suka riga suka sa a jerin waɗanda suke buɗe wa ƙofa fa? Waɗannan su ne kadarorin da suka fi buƙatar kulawa, kuma su ne manhajar ba ta da hanyar karɓa.

Saboda haka mutane suka shiga dabara. Kundin hali rubutu ne da ake iya buɗewa a karanta, don haka wasu suka riƙa gyara shi da hannu, suna cusa lambobin shaidar tsofaffin kadarori a ciki don manhajar ta ɗauka ita ta ƙirƙire su. Waƙafi ɗaya ya zauna ba a wurinsa ba, kundin ya lalace. Wajen 2015 wani injiniya ɗan Japan ya fitar da wata manhaja mai suna Terraforming da ke karanta asusun Amazon ta fitar da tsari da kundi. Yadda aka rungume ta ya isa ya nuna wa HashiCorp girman giɓin.

Rabin aiki

Umarnin 2016 ya halatta abin da ake yi a ɓoye. Ga yadda ake amfani da shi. Da farko injiniya zai rubuta wani ɗan gurbi a cikin tsari, kusan babu komai a ciki sai nau'in kadarar da sunan da ya ba ta. Sannan ya nemo lambar shaidarta a wurin Amazon, ya buga layi irin wannan:

`terraform import aws_instance.shafi i-0a1b2c3d4e`

Manhajar za ta je ta karanto bayanan sabar, ta rubuta su a kundin hali. A nan aikinta ya ƙare. Tsarin, wato fayil ɗin da mutane za su riƙa karantawa suna gyarawa, yana nan wayam. Sai injiniya ya buga `plan`, ya ga jerin wuraren da tsarinsa ya saɓa wa zahiri, ya ƙara layuka, ya sake bugawa, ya sake gyarawa, har ya kai ga saƙon da ke cewa babu wani canji. Kadara ɗaya ke nan. Ma'aikata matsakaiciya tana iya samun ɗaruruwa, kuma umarnin ɗaya-ɗaya yake karɓa. Kowane nau'i yana da irin lambar da yake so: wani sunansa, wani lambarsa, wani lambobi biyu ko uku a haɗe da wata alama a tsakani, sai an duba ƙasan shafin jagorarsa.

Wahalar ma da sauƙi a kan haɗarin. Daga daƙiƙar da kadara ta shiga kundi, tsari ya sami iko a kanta. Kafin wannan lokaci, kuskure a rubutu kuskure ne kawai a rubutu. Bayansa, manhajar za ta ɗauki abin da ka rubuta a matsayin gaskiya, ta ɗauki zahiri a matsayin abin da ya kauce. Akwai siffofin da ake iya gyarawa kadara tana aiki, akwai kuma waɗanda Amazon ba ya bari a canza, kamar hoton manhajar da aka kafa saba da shi ko yankin cibiyar da take zaune. Idan tsarinka ya saɓa a irin waɗannan, Terraform tana da hanya ɗaya ta daidaita su: ta rushe tsohuwar ta gina sabuwa. Tana nuna hakan a `plan` da alamar ragi da ƙari a haɗe, tare da gargaɗin cewa dole a maye gurbi. Amma idan jerin ya kai layi ɗari biyar, ƙarfe goma na dare ne, kuma mutum ya riga ya duba irinsa sau talatin a ranar, ido yana tsallakewa. Haka nan idan aka shigar da kadara cikin kundi aka manta ba a bar mata gurbi a tsari ba, manhajar za ta fahimci cewa ba a son ta, ta jera ta cikin abin rushewa. Shi ya sa ƙwararru ke fara ɗaura wa rumbun bayanai ƙa'idar `prevent_destroy` kafin su yi wani motsi.

Akwai kuma wani aibi da ya fi waɗannan laushi, wanda a ganina shi ne babba. Duk falsafar rubuta kadarori a fayil tana kan cewa babu canjin da zai faru sai an rubuta shi, abokin aiki ya duba, an ajiye tarihinsa. `terraform import` ya karya wannan ƙa'ida. Mutum ɗaya ne ke buga shi a kwamfutarsa, yana canza kundin da dukan ƙungiya ta dogara da shi nan take, babu samfoti, babu mai dubawa, babu alamar da ta rage a tarihin fayiloli. Wato a daidai mataki mafi haɗari, an koma irin yanayin da ya kayar da Knight Capital.

To me ya hana manhajar ta rubuta tsarin da kanta, tunda ta riga ta karanto komai? Domin abin da Amazon ke dawowa da shi hoto ne na halin da ake ciki, ba ya ɗauke da niyyar wanda ya gina. Saba guda tana da siffofi da dama, kuma babu alamar da ke bambanta wanda mutum ya zaɓa da gangan da wanda Amazon ya cike da kansa. Inda mutum zai rubuta cewa wannan saba tana cikin hanyar sadarwar da na bayyana a sama, Amazon lamba kawai zai bayar, dangantakar ta ɓace. Inda mutum zai rubuta gurbi ɗaya ya ce a maimaita sau ashirin, na'ura za ta zubo gurbi ashirin. Wasu abubuwan ma ba sa dawowa sam: kalmar sirrin rumbun bayanai ana shigar da ita ne kawai, ba a karanto ta. Sannan Terraform ba ta magana da Amazon kai tsaye, tana bi ne ta wasu ƙananan manhajoji masu aikin tafinta, ɗaya ga kowane kamfani, waɗanda aka cire su daga jikinta a zubi na 0.10 a 2017, yau kuma sun kai dubbai. Kowane nau'in kadara sai marubutan tafintarsa sun koya masa yadda ake karɓarsa. Harshen rubuta tsarin ma sai da aka sake masa gini a zubi na 0.12 a Mayu 2019.

A wannan tazara wasu suka cike gurbin. Injiniyoyin Waze, manhajar taswira mallakar Google, sun fitar da Terraformer a 2019, wadda ke share asusu gaba ɗaya ta zubo tsari da kundi. Microsoft ya yi tasa don Azure, mai suna aztfy, daga baya aka sake mata suna aztfexport. Duk suna rage wahala, duk kuma suna fitar da rubutu mai tsawo, cike da lambobi tsirara, wanda sai mutum ya zauna ya tsefe shi.

Kada a ɗauka HashiCorp kaɗai ya makara. Amazon, mai gidan da kansa, ya fi shi jinkiri. Tun da wuri ya fitar da wata manhaja mai suna CloudFormer da ke duba asusunka ta rubuta maka fayil, amma fayil ɗin kwafin kadarorin yake ginawa, ba ya karɓar na asali. Sai a Nuwamba 2018 CloudFormation ta iya gano cewa wani ya taɓa kadara da hannu ta kauce wa tsari, sai a Nuwamba 2019 ta iya karɓar tsohuwar kadara, shekara takwas da wata tara bayan haihuwarta. Ta kuma gindaya wani sharaɗi mai hikima: ba za ta karɓi kadara ba sai ka rubuta ƙarara abin da kake so a yi da ita ranar da aka cire ta daga tsari, a rushe ta ko a bar ta.

Wani abin dariya mai ciwo ya faru a Fabrairu 2022, lokacin da aka fitar da zubi na 4.0 na tafintan Amazon. An tsattsaga gurbin ma'ajiyar S3, wanda a da guda ɗaya ne, zuwa ƙananan gurabe masu yawa, ɗaya don ajiye tsofaffin kwafi, ɗaya don ɓoye bayanai, ɗaya don wa'adin fayiloli, da sauransu. Mutanen da suka gina ma'ajiyoyinsu da Terraform tun ranar farko suka wayi gari ana shawartarsu su yi `import` na sassan kayan da tuntuni suke hannunsu. Ƙorafi ya yi yawa har aka sassauta cikin 'yan watanni.

Abin da ya canza a 2023

Gyaran ya zo ne a matakai, kuma duk hanya ɗaya suka bi: a ɗauke aikin kundi daga layin umarni a mayar da shi cikin tsari. Zubi na 1.1, a Disamba 2021, ya kawo gurbin `moved`, wanda ke ba ka damar canza wa kadara suna ba tare da manhajar ta ɗauka an kashe wata an haifi wata ba. Zubi na 1.5, a Yuni 2023, ya kawo gurbin `import`. Yanzu kana rubuta layi biyu a fayil, ɗaya na lambar shaidar kadarar, ɗaya na sunan da za ta ɗauka. Da ka buga `plan`, manhajar za ta nuna maka kadarori nawa za ta karɓa da abin da zai same su bayan karɓar, tun kafin a taɓa kundi. Abokin aiki yana iya karantawa ya ce dakata. Ana iya jera ɗari a karɓe su lokaci guda. Tare da shi aka cika tsohon alkawarin nan: idan ka ƙara `-generate-config-out` a kan umarnin, manhajar za ta rubuta maka tsarin da kanta.

Wannan na biyun ne ya fi ɗaukar hankali a lokacin, amma ni na fi ba na farkon nauyi. Tsarin da na'urar ke rubutawa ya fito da tambarin gwaji, kuma yana fama da irin cututtukan da Terraformer ta yi fama da su, har wani lokaci yakan haɗa siffofi biyu da ba sa zama tare, sai mutum ya goge ɗaya. Daftari ne na farko, yana rage awanni. Abin da ya rage haɗari shi ne mayar da karɓar gado rubutu da ake gani kafin a zartar. A Janairu 2024, zubi na 1.7 ya ƙara ƙofar fita, gurbin `removed`, wanda ke sakin kadara daga kundi a bar ta da ranta. Wata guda bayan haka Amazon ya ƙara wa CloudFormation nata mai rubuta tsari daga kadarorin da aka tarar.

Wata biyu kacal bayan zubi na 1.5, ranar 10 ga Agusta, 2023, HashiCorp ya sanar da cewa ya janye manhajojinsa daga lasisin Mozilla mai buɗaɗɗen tushe zuwa wani lasisi da ke hana masu gogayya da shi kasuwanci da su. Kamfanoni da dama da suka gina sana'arsu a kan Terraform suka fusata, suka ɗauki rubutun manhajar da ya rage ƙarƙashin tsohon lasisi suka ci gaba da shi da sunan OpenTofu a inuwar Gidauniyar Linux. Da yake gurbin `import` ya riga ya shigo kafin rabuwar, kowane ɓangare ya tafi da shi. OpenTofu ta fitar da zubinta na farko na amfanin kowa a Janairu 2024, kuma a zubi na gaba ta magance wani tsohon ƙorafi: kundin hali yana ajiye kalmomin sirri a fili, duk wanda ya sami fayil ɗin ya karanta, sai ta ba da damar kulle shi. Hashimoto ya bar kamfanin da ke ɗauke da sunansa a Disamba 2023. A Afrilu 2024 IBM ya sanar da sayen HashiCorp a kan dala biliyan 6.4, aka kammala cinikin a Fabrairu 2025.

Ma'aikatun da suka zaɓi ƙaura zuwa OpenTofu a wancan lokaci ba su buƙaci sake karɓar kadarorinsu ɗaya bayan ɗaya ba, domin sabuwar manhajar tana karanta kundin tsohuwar. Matakan kaɗan ne: a ajiye kwafin kundin a wuri mai aminci, a buga `tofu init`, a buga `tofu plan`, sannan a karanta jerin har ƙasa a tabbatar ta ce babu canji kafin a bari ta taɓa komai.